Eksire, CT ko MRI: wane hoto ne ke nuna lalacewar guringuntsi idan kwarmin kwatangwalo bai yi zurfi ba?

Duk wanda likita ya ce masa kwarmin kwatangwalonsa bai yi zurfin da ya kamata ba, akwai tambayar da makomar gaɓar tasa ta rataya a kanta: guringuntsi nawa ya rage a ciki, kuma wanda ya ragen yana da sauran ƙarfi? Idan yana da, ana iya gyara ƙashin mutum a bar masa gaɓarsa ta haihuwa. Idan ya riga ya cinye, gyaran ƙashin wahala ce kawai, domin ƙarshenta sai an sa gaɓar ƙarfe. Hotunan da ake ɗauka a asibiti duk amsar wannan tambaya suke nema, amma ba daidai suke gani ba, kuma wanda aka fi saba yi shi ne ya fi makara wajen ba da labari.

Gaɓar kwatangwalo haɗuwar abu biyu ce, kan ƙashin cinya mai siffar ƙwallo da kwarmin da yake zama a ciki. Idan kwarmin bai rufe ƙwallon sosai ba, nauyin jiki da ya kamata ya bazu a faffaɗan wuri sai ya taru a bakin kwarmin, musamman ta sama da ta gaba. A wannan bakin akwai wani zobe mai tauri da ake kira labram, wanda kan yi kauri saboda ɗaukar nauyin da ba nasa ba, har ya kai ga yagewa. Daga nan lalacewar kan shiga guringuntsin da ke shimfiɗe a cikin kwarmin. Shi kuwa guringuntsi ba shi da jijiyar jini kuma ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka ba ya warkewa yadda fata ko ƙashi ke warkewa, kuma yana iya daɗewa yana lalacewa mai shi bai sani ba. An fi samun matsalar a mata, da waɗanda suka zo da ƙafa ko da mazaunai lokacin haihuwa, da waɗanda akwai ta a danginsu. Da yawa ba sa jin komai sai sun girma, sai ciwo ya fara a matsematsi bayan doguwar tafiya ko tsayuwa.

Abin da ya sa ganin wannan guringuntsi ke da wuya shi ne sirantakarsa. A kowane ɓangare kaurinsa bai wuce kamar milimita 1 zuwa 3 ba, a lanƙwashe yake, yana can ƙarƙashin tsoka mai yawa, sannan na kan ƙwallon da na kwarmin a manne suke da juna. Na gwiwa ya fi shi kauri kuma ya fi shi kusa da fata, shi ya sa abin da ke da sauƙin gani a gwiwa yake ba da wahala a kwatangwalo.

Da eksire ake farawa, kuma a ganina babu dalilin tsallake shi ko da mutum yana da halin yin hoto mafi tsada. Shi ne ke tabbatar da cewa akwai matsalar tun farko, kuma shi ke auna girmanta. A 1939 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Wiberg, ya fito da wata kusurwa da ake aunawa daga tsakiyar ƙwallon zuwa bakin kwarmin, kuma har yau da ita ake aiki. Idan ta haura digiri 25 kwarmin ya rufe ƙwallon yadda ya kamata, idan ta gaza 20 bai rufe ba, tsakanin 20 da 25 kuwa ana kan iyaka. Akwai kuma kusurwar Tönnis, wadda ke auna yadda rufin kwarmin ya karkata sama, kuma idan ta wuce digiri 10 alama ce ta matsala. Hoton gaba kaɗai ba ya nuna yadda kwarmin ya rufe ƙwallon ta gaba, don haka ake ƙara wani da ake ɗauka mutum na tsaye a ɗan karkace, wanda Lequesne da de Sèze na Faransa suka bayyana a 1961. Mai shirin tiyata kan ƙara wani hoton da aka buɗe ƙafa a cikinsa, don ya ga ko ƙwallon zai zauna daidai a kwarmin idan aka juya shi.

Amma eksire ba ya ganin guringuntsi ko kaɗan. Abin da yake nunawa shi ne ratar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu, mu kuma sai mu ce ai guringuntsi ne ya cike wannan rata. Idan ratar ta tsuke zuwa ƙasa da milimita 2, an san abu ya yi nisa. Ma'aunin Tönnis na zaizayewar gaɓa, daga mataki na 0 zuwa na 3, a kan irin waɗannan alamu aka gina shi: tsukewar rata, taurin ƙashin da ke ƙarƙashi, ƙananan ramuka a cikin ƙashi, da canjin siffar ƙwallon. Matsalar ita ce duk waɗannan alamun ƙarshe ne. Guringuntsi na iya ruɓewa daga ciki, yana iya ɓanɓarewa daga jikin ƙashi, alhali kaurinsa bai ragu ba. A wasu masu wannan lalura ma, a farkon lamari yakan fi na sauran mutane kauri. Saboda haka idan aka ce wa mai ciwo eksirensa lafiya lau, gaɓar ba ta zaizaye ba, abin da aka faɗa masa kawai shi ne bai kai ƙarshe ba. Kuma a tabbata an ɗauki hoton a tsaye, domin a kwance nauyi ba ya kan gaɓar, ratar na iya bayyana da faɗin da ba ta da shi.

Sikanin na sauti, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wurinsa daban ne. A jariri shi ne kan gaba, saboda kan ƙashin cinyar jariri duk guringuntsi ne, eksire ba ya nuna shi. Hanyar da Reinhard Graf na Ostiriya ya fito da ita a 1980 tana auna zurfin kwarmin, kusurwar digiri 60 ko fiye ita ce ta lafiya, kuma tana aiki har zuwa kamar wata 4 zuwa 6, lokacin da ƙashi ya fara tauri. A babba kuwa sauti ba ya ratsa ƙashi, don haka ba ya kai wa ga guringuntsin cikin kwarmi. Iyakarsa ya nuna ruwa a gaɓa, ko ƙullutu a gefen labram, ko ya yi wa allura jagora.

CT, wato eksire da ke yanka hoton jiki sala-sala da taimakon kwamfuta, gwanin ƙashi ne. Yana ba da siffar kwarmin ta kowane ɓangare, yana nuna inda rufin ya gaza, ta gaba ne ko ta baya ko ta gefe, yana kuma auna yadda ƙashin cinya ya murɗe, abin da ke shafar yadda za a yi gyara. Idan ba a sa komai a gaɓar ba, shi ma bai fi eksire ganin guringuntsi da wani abin kirki ba. Sai dai idan aka yi allurar ruwan rini mai aidin a cikin gaɓar kafin a ɗauka, labari ya canza: rinin ya kwanta a kan guringuntsin, ya shiga duk wata tsaga, kuma saboda CT na yanka hoto siriri ƙwarai, ana ganin wurin da kauri ya ragu sarai. Ga wanda ba zai iya shiga MRI ba, wato injin da ke ɗaukar hoto da maganaɗisu, ko saboda wata na'urar zuciya da ba ta jituwa da maganaɗisu, ko saboda ba ya iya jure ƙuncin cikin injin, ko kuma saboda kusoshin ƙarfe na tsohuwar tiyata suna ɓata hoton, wannan zaɓi ne mai kyau. Illarsa ita ce radiyeshan, wato hasken da ke ratsa jiki, wanda yawansa kan cutar. Na CT ya ninka na eksire sau da yawa, kuma wurin da ake haskawa yana kusa da ƙwayayen haihuwa, masu ciwon kuwa galibi 'yan mata ne da matasan mata. Akwai tsarin rage yawan hasken, kuma ya dace a tambaya ko da shi za a yi.

A kan MRI ya kamata a daɗe, domin abubuwa da yawa ne ke amsa wannan suna, kuma bambancinsu ya fi bambancin da ke tsakanin eksire da CT. Mutum biyu na iya cewa sun yi MRI na kwatangwalo, ɗaya ya fito da hoton da za a iya yanke shawarar tiyata da shi, ɗayan kuma ya fito da wanda labram ma da ƙyar ake hangowa.

Abu na farko shi ne faɗin wurin da aka ɗauka. Idan aka haɗa ƙugu gaba ɗaya da kwatangwalo biyu a hoto guda, kowace gaɓa takan zo ƙarama, guringuntsi mai milimita 2 ya zama zare. Irin wannan yana da amfani wajen neman mutuwar ƙashi ko karaya ko ƙari, amma ba don wannan tambaya ba. Ana buƙatar a mai da hankali kan gaɓa ɗaya. Abu na biyu ƙarfin maganaɗisun injin, wanda ake aunawa da tesla. Na 1.5 shi ne ya fi yawa, na 3 ya fi fito da ƙananan abubuwa. Na uku kuma, wanda mutane ba su cika sani ba, shi ne yadda aka yanka hoton. Gaɓar zagayayya ce, yankan miƙe na gaba da na gefe yana bi ta bakin kwarmin a karkace, sai ya ɓoye abin da ke wurin. Ƙwararrun cibiyoyi kan yi yankan da ke zagaya wuyan ƙashin cinya kamar hannun agogo, ta yadda kowane yanki zai sari bakin kwarmin kai tsaye. Da haka ne ma ake ba da rahoto, a ce yagewar ta taso daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 3.

MRI mai kyau ba tare da allura ba yana nuna labram, yana nuna inda guringuntsi ya sirance ko ya ƙare, yana nuna kumburi da ramuka a ƙashin da ke ƙarƙashi, yana kuma nuna tsokoki da jijiyoyin da ke kewaye, waɗanda su ma kan iya zama tushen ciwon. Babu radiyeshan, babu huda. Inda yake kasawa shi ne ɓanɓarewa, wato guringuntsi ya rabu da ƙashi amma yana nan kwance a wurinsa, kamar fentin da ya saki bango bai faɗo ba tukuna. Daga sama komai daidai yake. Likitocin da ke leƙa gaɓa da kyamara sun sha samun irin wannan a wurin da MRI ya ce lafiya.

Don cike wannan giɓi ake yin MRI mai allura a gaɓa. Ana tsarma sinadarin gadoliniyom sosai, a zuba kamar mililita 10 zuwa 15 a cikin gaɓar, ana kallon allurar ta eksire mai motsi ko ta sikanin. Ruwan ya buɗe gaɓar, ya ratsa yagewar labram ya haskaka ta. Wajen gano yagewar labram, a injin 1.5, wannan hanya ta daɗe tana gaban MRI marar allura. A injin 3 mai kyakkyawan tsari ratar ta ragu har wasu cibiyoyi sun rage yin allurar. Wajen guringuntsi kuwa ko da allurar ganinsa matsakaici ne, domin fuskokin biyu na nan manne, ruwan bai samu hanyar shiga tsakaninsu ba. Shi ya sa wasu ke ƙara jan ƙafa da nauyi lokacin ɗaukar hoton, don ƙwallon ya ɗan janye daga kwarmin, ruwan ya shiga tsakani, wani lokaci har ƙarƙashin wurin da ya ɓanɓare. A cikin hanyoyin da ke nuna siffa wannan ce ta fi kusa da abin da ido zai gani, amma ba ko'ina ake yin ta ba.

Allurar tana da wata riba ta gefe da nake ganin ba a ba ta darajar da ta kamata. Idan aka haɗa maganin kashe zafi a cikin ruwan, kuma ciwon ya ɗauke na 'yan sa'o'i, an samu shaida cewa daga cikin gaɓar yake fitowa. Wannan na da muhimmanci, saboda ana samun yagewar labram a MRI na mutane da yawa da ba su taɓa jin ciwo ba. Ganin yagewa a hoto bai tabbatar da cewa ita ce ke damun mutum ba. Illar allurar kuwa ita ce tsami na kwana ɗaya ko biyu, da haɗarin shigar ƙwayar cuta, wanda ba kasafai yake faruwa ba.

Duk abin da aka ambata zuwa yanzu siffa yake dubawa. Akwai wani rukuni da ke duba abin da aka gina guringuntsin da shi. Mafi yawansa ruwa ne, sai zaruruwan kolajin da suka yi masa saƙa, sai wasu sinadarai masu jan ruwa da ake taƙaita sunansu da GAG, waɗanda su ne ke ba shi ƙarfin ɗaukar nauyi. GAG na cikin abubuwan da ke fara raguwa, tun kafin kauri ya taɓu. Hanyar da ake kira dGEMRIC, wadda aka ƙirƙiro a Boston ta Amurka a shekarun 1990, ta dogara ne a kan cewa GAG da irin gadoliniyom ɗin da ake amfani da shi suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna korar juna. Ana yin allurar a jijiya, mutum ya yi tattaki na kamar minti 10 zuwa 15, a jira rinin ya ratsa, sannan a ɗauki hoto. Inda GAG ke da yawa rinin ba ya shiga sosai, inda ya ragu kuwa sai ya cika wurin. Sakamakon lamba ce da taswira mai launi.

Wannan hanya tana da tarihi na musamman da lalurar da muke magana a kai. A 2003 Young-Jo Kim da abokan aikinsa a asibitin yara na Boston sun nuna cewa lambar dGEMRIC tana tafiya da tsananin ciwo da kuma girman matsalar kwarmin, alhali faɗin rata a eksire bai yi hakan ba. A 2006 rukunin ya nuna cewa waɗanda lambarsu ta yi ƙasa kafin tiyatar gyaran kwarmi sun fi fuskantar gazawar tiyatar da wuri. Ita wannan tiyata Reinhold Ganz ne ya bayyana ta a 1988 daga birnin Bern na Suwizalan: a yanka ƙashi a kewayen kwarmin, a juya shi ya rufe ƙwallon, a kafe da kusoshi. Babban aiki ne mai ɗaukar watanni kafin a murmure, kuma an san ba ya yin kyau ga wanda ya kai mataki na 2 a ma'aunin Tönnis, ko wanda shekaru suka ɗan ja. Duk hoton da zai faɗa wa mutum tun kafin wuƙa ko wahalar za ta biya, ya cancanci a san da shi.

Sai dai dGEMRIC na da nauyi. Yana cin lokaci, yawan rinin da aka saba bayarwa ninki biyu ne na MRI na yau da kullum, kuma lambar da aka samu a wani inji ba lallai ta yi daidai da ta wani ba. Ga kuma batun gadoliniyom kansa. Tun 2006 aka danganta wasu nau'o'insa da wata muguwar cutar taurin fata da gaɓoɓi a masu ciwon ƙoda mai tsanani, kuma a 2017 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita yin allurar wasu nau'o'in a jijiya bayan an gano ɓurɓushinsu na zama a ƙwaƙwalwa. Irin da aka gina dGEMRIC a kansa na cikinsu. Mai matsalar ƙoda da mai juna biyu su faɗa tun kafin a sa musu kowane irin rini.

Wannan ne ya ƙara tura masu bincike wajen hanyoyin da ba sa buƙatar allura. Taswirar T2 tana duba ruwa da tsarin kolajin, ana iya ƙara ta a kan MRI na yau da kullum da 'yan mintuna. Rauninta shi ne lambar na canzawa gwargwadon yadda zaruruwan suka fuskanci maganaɗisun, musamman a kusan digiri 55, kuma a gaɓa zagayayya dole wani sashe ya faɗa wannan kusurwa, ya bayyana kamar ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma wata taswirar mai suna T1rho, wadda har yanzu ta fi zama a hannun masu bincike. Ban ga hikimar mai ciwo ya yi doguwar tafiya don neman waɗannan biyun kaɗai ba.

Leƙa gaɓa da kyamara shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, domin likita na gani da ido, yana kuma taɓa guringuntsin da ƙarfe ya ji ko ya yi laushi ko ya saki ƙashi. Amma tiyata ce, da maganin barci da jan ƙafa. Kuma a kwarmin da bai yi zurfi ba akwai haɗari na musamman: labram da jakar da ke lulluɓe gaɓar su ne ke taimakawa wajen riƙe ƙwallon, idan aka yanke su ba a gyara ƙashin ba, gaɓar na iya ƙara sakwarkwacewa ta lalace da sauri. Ina jin tsoro duk lokacin da aka ga yagewar labram a MRI aka garzaya gyara ta ba tare da an auna kusurwar Wiberg a eksire ba. Yagewar sakamako ce, sanadin yana ƙashi.

To wanne za a zaɓa? Jariri, sikanin. Babban da ke zargin matsalar, eksire a tsaye tare da na karkace, a auna kusurwoyin da lamba a rubuta su a rahoto. Idan eksiren ya riga ya nuna rata ta tsuke kuma ƙashi ya fara canza siffa, MRI mai tsada ba zai ƙara wani abin da zai sauya shawara ba, maganar ta koma lallaɓa gaɓar da kuma lokacin sa ta ƙarfe. Idan ratar na nan kuma ana tunanin tiyatar Ganz, a nan ne kuɗin MRI ke da amfani, kuma zan fifita na gaɓa ɗaya a injin 3 mai yankan zagaye. Idan injin 1.5 kaɗai ake da shi, ko hoton farko ya bar shakka, ko ba a tabbatar daga ina ciwon ke fitowa ba, a yi mai allura a gaɓa. CT ya shigo idan likitan tiyata na buƙatar siffar ƙashi don tsara yankansa, ko idan MRI ya gagara.

Waɗanda suka fi wahalar yanke wa hukunci su ne na tsakiya, mai shekara talatin da wani abu zuwa arba'in, eksirensa na mataki na 1, MRI ya nuna ɗan siranta a bakin kwarmi. A irin wannan ne dGEMRIC ko MRI mai jan ƙafa zai iya karkata shawara zuwa ɓangare ɗaya, kuma idan akwai cibiyar da ta saba yin su, ya dace a nema. Kafin a biya kuɗin kowane hoto, a tambayi likitan da zai yi aikin wane iri yake so, a wane inji, kuma wa zai karanta shi, domin mai karanta hoton kwatangwalo kullum yana ganin abin da mai karanta shi jefi-jefi ke wucewa. A karɓi hotunan kansu a faifai, kada a tsaya a takardar rahoto, saboda likita na biyu da za a je wa zai so ya auna kusurwoyin da hannunsa.